Ka Kwance Fiffiken Nan Daga Bayan Motarka Kafin Ka Sake Kukan Tsadar Mai

Ɗan uwa, yau da kai zan yi, kuma ba zan ɓoye maka komai ba. Kai da ka ga wani bidiyo a TikTok, washegari ka kai 'yar Corolla ɗinka wajen mai walda aka ɗaura mata fiffike a kan but, wanda samari ke kira sifoila, wai don ta riƙa yanka iska ta rage shan mai. A saman motar kuma ga kariyar ƙarfe da ka sa tun bikin ƙanwarka, har yau ba ka kwance ba. A gaba ga ƙaton gadin ƙarfe da fitilu huɗu. Sannan ka hau titin Kano zuwa Kaduna kana taka 130, ka isa Kawo kana zagin gwamnati da masu gidan mai.

Tsadar mai gaskiya ce. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da cire tallafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce naira 1,000 a wurare da yawa. Duk mai ƙaramar mota yana da hujjar neman dabara. Gyara surar mota don ta rage kokawa da iska kuma ilimi ne na gaske, injiniyoyi sun fi shekara ɗari suna aiki a kansa. Abin da nake faɗa da shi shi ne yadda ake sayar maka da kwalliya da sunan kimiyya, da yadda kake kwafo dabarar ƙasar ƙanƙara ka liƙa wa motar da ke yawo a zafin Sakkwato.

Ka fara fahimtar abokiyar kokawarka

Fito da hannunka ta taga lokacin da mota ke tafiyar 30. Ba ka jin komai sai ɗan sanyi. Sake fito da shi a 100, ka ji yadda ake tura shi baya. Abin da ke faruwa da gaba ɗayan jikin motar ke nan, kuma injin ne ke biyan kuɗin wannan turin da fetur.

Abu uku ne ke yanke ƙarfin turin: faɗin fuskar motar, wato girmanta idan ka tsaya a gabanta kana kallonta, santsin surarta, sai gudu. Biyun farko suna tafiya ne daidai wa daida, in ka ƙara faɗi da kashi 10 cikin ɗari, turin ya ƙaru da kashi 10. Gudu kuwa ninka kansa yake yi. Ka ninka gudu sau biyu, turin iska ya ninku sau huɗu, ƙarfin da injin zai fitar don ya ci galaba a kansa kuma ya ninku sau takwas.

Ga misalin da za ka iya bi da kalkuletan wayarka. Ɗauki ƙaramar mota mai nauyin kilo 1,100, faɗin fuskarta murabba'in mita 2, surarta irin ta yawancin motocinmu. Gogayyar taya da kwalta tana riƙe ta da ƙarfin da ya kai kamar nauyin kilo 13, kuma wannan ba ya canzawa sosai ko ka ƙara gudu. Turin iska kuwa:

A gudun 30, bai kai kilo 3 ba.
A gudun 70, ya kai wajen kilo 14, ya kamo gogayyar taya.
A gudun 100, kilo 29.
A gudun 120, kilo 42.
A gudun 130, kilo 49, kusan buhun siminti guda, kuma ba ɗauke da shi kake ba, janyo ka baya yake yi.

Ka duba layin farko da kyau. In rayuwar motarka daga Kurna zuwa Kantin Kwari ne, cikin cunkoson Adaidaita Sahu, kana taka birki duk bayan mita hamsin, to iska ba ta cikin matsalolinka. Duk wanda ya ce maka wani abu da zai liƙa a jikin motar zai rage maka shan mai a cikin gari, ko dai bai san lissafin ba, ko ya sani yana so ya ci kuɗinka. Maganar iska ta masu hawa babban titi ce.

Fiffike aikinsa danna mota ƙasa

Za ka ce ai motocin tsere duk suna da shi. Haka ne, amma ka tambaya me yake yi musu. Fiffiken motar tsere reshen jirgin sama ne da aka kifa. Na jirgi yana ɗaga shi sama, wannan yana danna mota ƙasa don tayoyi su kama kwalta a kwana. Farashin wannan dannawar shi ne ƙarin turin iska. Shi ya sa motar Formula 1, duk da sirantakarta, ta fi motar gidanku kokawa da iska nesa ba kusa ba. A 2011 ma sai da aka fito da tsarin da direba zai buɗe fiffiken baya a miƙaƙƙen titi, saboda buɗe shi na rage turin iskar, motar ta ƙara gudu ta wuce ta gabanta. Su masu abin suna neman hanyar kauce wa cikas ɗinsa, kai ka biya kuɗi ka ɗaura shi wai don tattalin mai.

Ko a motocin gida haka ne. Audi TT ta farko ta fito ba fiffike. Bayan haɗurran da aka yi da ita a tsananin gudu, kamfanin ya janye motocin a tsakanin 1999 da 2000, ya sa musu ƙaramin fiffike a baya, ya kuma gyara ƙafafunsu. Don motar ta zauna daram aka yi, ba wanda ya yi maganar fetur.

Zan yi adalci a nan. Akwai ɗan siririn leɓe da kamfani ke sawa a ƙarshen rufin mota ko a bakin but, wanda ke taimaka wa iska ta rabu da jikin motar cikin tsafta. Irin wannan yakan rage turi. Amma an auna shi ne a ɗakin gwajin iska, don wannan motar kaɗai, a wannan kusurwar. Wanda aka ciro daga jikin wata Honda aka huda but ɗin Golf ɗinka aka ɗaure da noti huɗu, ba wanda ya auna shi. Abin da ka samu tabbas shi ne huji huɗu da ruwan damina zai bi ya tsatsar da but.

Masu ilimin abin me suka yi?

Injiniyoyi suna auna santsin sura da wata lamba da suke kira Cd. In ta yi ƙasa, motar ta fi ratsa iska. Tsohuwar Volkswagen ƙwaro tana wajen 0.48. Audi 100 ta 1982 ta zo da 0.30, aka yi ta mamaki. Opel Calibra ta 1989 ta kai 0.26. Honda Insight ta 1999 ta kai 0.25, da tayoyin baya a rufe. Volkswagen XL1 ta sauka ƙasa da 0.19. Nemo hotunansu a wayarka yanzu. Ba ko ɗaya mai ƙaton fiffike tsaye a kan ƙafafu. Abin da za ka gani shi ne jiki mai santsi, da baya da ke tsukewa a hankali.

Dalili kuwa, yawancin matsalar a baya take. Mota in ta ratsa iska tana barin rami a bayanta, inda iskar ke juyawa tana tsotso ta. Ka ga yadda ƙura ke lulluɓe gilashin bayan Sharon da Hiace a hanyar ƙauye? Wannan ramin ne kake gani da idonka. Tun 1921 Edmund Rumpler ya ƙera mota mai siffar ɗigon ruwa a Jamus, da aka gwada ta a ɗakin iska na Volkswagen a 1979 sai aka samu 0.28. A shekarun 1930 kuma Wunibald Kamm da wasu injiniyoyin Jamus suka nuna cewa ba sai jelar ta yi tsawo har ƙarshe ba, in ka tsuke ta a hankali sannan ka datse, ka samu mafi yawan amfanin. Bayan Toyota Prius da kake gani kamar an yanke da wuƙa, daga nan ya samo asali.

Akwai ma wani Ba'amurke da ya ɗauki Honda Civic ta 1992 ya yi mata wannan aikin a gida, har ta yi suna da Aerocivic. Ya yi mata doguwar jela, ya rufe tayoyi, ya shafe ƙasanta, kuma a cewarsa ya rage turin iskarta da kusan rabi. To gyaran gida yana aiki. Amma ka lura, duk abin da ya yi shafewa ne da tsukewa, kuma don dogayen titunan Amurka masu santsi ya yi shi. Ka ɗauko wannan jelar ka shiga da ita cunkoson Sabon Gari, kafin la'asar mai Adaidaita ya tafi da rabinta.

Dabarar da za ta ƙona maka inji

Wannan ita ce ta fi tayar mini da hankali. A bidiyoyin Turai da Kanada za ka ga mutum ya toshe ragar gaban mota da kwali ko roba. Gaskiya ne iskar da ke shiga ɗakin inji tana ƙara turi, kuma a ƙasar da ruwa ke daskarewa toshewar na taimaka wa inji ya yi ɗumi da wuri. Sabbin motoci ma suna da labulen da ke yin haka, amma kwamfutar motar ce ke buɗe shi da zarar inji ya ɗauki zafi. Kwalinka ba shi da kwamfuta.

A watan Afrilu zafin Maiduguri da Sakkwato da Yamai yana haura digiri 40. Lagireton 'yar Kwatanon da ka saya ta riga ta yi shekara ashirin tana aiki, ƙurar hunturu ta cika ramukanta, ga na'urar sanyi tana zuba mata nata zafin. Ita kanta da ƙyar take numfashi. Ka toshe mata hanci, allurar zafi ta haura kana tsakiyar daji, gasket ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe. Garin neman gira ka rasa ido. Litar da ka yi tattali a wata shida ba za ta biya kuɗin janwe ba, balle na bakanike.

Haka sauke mota ƙasa. A takarda yana rage iskar da ke shiga ƙarƙashi. A titinmu mai ramuka da tudun rage gudu, tukunyar baƙin mai ce za ta fashe. Cire madubin gefe kuwa, wanda wasu ke yi a bidiyo, kada ma ka fara. Ɗan abin da za ka samu bai kai ran mai babur ɗin da ba za ka gani ba. Rufe ƙarƙashin mota da ledar talla ko kwali kusa da salansa shi ma neman gobara ne, don wannan bututun zafinsa yana kai ɗaruruwan digiri.

Tun da muna nan, bari in haɗa da 'yan uwan fiffike: maganaɗisun da ake ɗaurawa a bututun mai, da 'yar fankar da ake cusawa a hanyar iskar inji, da ƙaramin akwatin da ake sokawa a wurin cajin waya mai fitila shuɗiya. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada na'urori sama da 100 da aka ce suna rage shan mai, ba ta samu wadda ta yi wani tasirin kirki ba. In da maganaɗisun naira dubu biyar zai rage shan mai da kashi 30, kana ganin Toyota za ta bar shi a kasuwa ba ta sa a motocinta ba?

Gyaran da ya fi kowanne, da sifana ake yin sa

Ga abin da masu sayar da kwalliya ba za su gaya maka ba, saboda ba su da riba a ciki. Mafi girman gyaran iska da za ka yi wa ƙaramar mota shi ne ka cire abin da ka ɗora mata.

1. Kwance kariyar sama in ba kaya. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce akwatin kaya a saman mota na iya rage nisan da lita ke kai ka da kashi 2 zuwa 8 cikin ɗari a gari, kashi 6 zuwa 17 a babban titi, har kashi 10 zuwa 25 a gudun da ya kai 105 zuwa 120. Wannan akwati ne da aka ƙera don aikin. Yi tunanin buhunan Ghana-must-go da katifa. Kayan da faɗinsu mita 1 ne, tsayinsu rabin mita, sun ƙara wa fuskar motar kashi 25 cikin ɗari tun kafin a zo maganar munin surarsu.

Direban haya zai ce, malam, kayan saman nan su ne ribata. Na yarda, ba zan ce ka bar abincinka ba. Amma ka shimfiɗa kayan a kwance maimakon tara su tsibi, ka ja su baya kaɗan daga gilashin gaba, ka lulluɓe da tamfol ka ɗaure tam, kada ya riƙa kaɗawa. Wanda zai shiga but ya shiga, kuma but ɗin ya rufu. Lodin da ya wuce ƙima kuwa ka san laifi ne, ka kuma san yadda yake kifar da mota.

2. Cire gadin ƙarfe, da ƙarin fitilun da ba ka kunnawa, da tutar jam'iyyar da aka gama zaɓenta.

3. Mayar da robar ƙarƙashin inji. Motoci da yawa da ita suka zo. Bakanike ya kwance don ya juye baƙin mai, ya ji ƙyuyar mayarwa, ya ce maka ba ta da amfani. Tana da shi: tana shafe ƙasan motar, tana kuma kare inji daga ruwa da yashi. Leƙa ƙarƙashin motarka yau. In babu, nemi ta irin motarka a Ƙofar Ruwa ko Panteka. Wannan ita ce rufin ƙasan da aka auna, aka bar mata hanyar fitar zafi.

4. Ɗaure bambar da ke reto, da robar cikin mazaunin taya da ta saki. Duk abin da ke kaɗawa a gudu yana kama iska.

5. Koma girman tayar da kamfani ya rubuta. Faffaɗar taya da ƙaton rim suna ƙara faɗin fuska, suna ƙara gogayya. Ka kuma bi awon iskar da ke rubuce a jikin ƙofar direba, kada ka bar mai faci ya auna da bugun hannu.

6. A babban titi ɗaga gilasai. Taga a buɗe a gudun 100 tana mayar da motar kamar buhu mai kama iska. A cikin gari kuwa, inda iska ba ta da ƙarfi, sauke gilashi ya fi kunna na'urar sanyi araha.

7. Sassauta ƙafarka. Sauka daga 130 zuwa 100 ya rage turin iska da kusan kashi 40 cikin ɗari. Ba wani abu da mai walda zai ƙera maka da zai kusanci wannan. Amurka kanta da mai ya yi mata wuya bayan takunkumin 1973, a Janairun 1974 ta sa dokar hana wuce mil 55 a awa, wato kusan kilomita 89. Dokarmu ma ta Hukumar Kiyaye Haɗurra 100 ta ba motar gida a tagwayen titi. A tafiyar kilomita 230, bambancin 130 da 100 kusan minti 30 ne. Wannan minti talatin ɗin kake saye da fetur, kuma da ranka kake caca.

Kada ka yarda da ni, wayarka ta yi alƙalanci

"Wallahi tun da na sa shi nake jin motar ta yi sauƙi." Wannan ba awo ba ne. Duk wanda ya kashe kuɗi a kan abu yana so ya ji ya yi aiki, kuma ba tare da ya lura ba yakan sassauta totur a satin farko. Ga yadda ake gwaji.

Cika tanki a famfo ɗaya har bindigar ta tsaya da kanta, kada ka ce a ƙara. Rubuta lambar kilomita. Yi tafiyarka zuwa da dawowa, domin iskar da ta tura ka a tafiya ita za ta tare ka a dawowa, musamman a hunturu da take busowa daga arewa maso gabas. Riƙe gudu ɗaya, ka duba shi da manhajar GPS, don allurar mota takan nuna fiye da gaskiya kaɗan. Koma famfon nan ka sake cikawa. Raba litar da ta shiga da kilomitar da ka yi, ka ninka da 100. Manhajar Fuelio tana yi maka wannan lissafin ta ajiye. In motarka tana da ramin OBD2 a ƙarƙashin sitiyari, ƙaramar na'urar ELM327 da manhajar Torque za su nuna maka zafin inji a waya, a motoci da yawa har da shan mai.

Sai ka yi sau uku: da abin a jiki, ba shi a jiki, sannan da shi kuma. In bambancin bai maimaita kansa ba, to iska ce ko cunkoso, ba gyaranka ba.

In kana so ka ga iskar da idonka, yanka zaren saƙa tsawon ɗan yatsa, ka liƙa su layi-layi da salatif a gilashin baya da saman but. Wani ya biyo ka a wata motar, fasinjansa ya ɗauki bidiyo. Kai direba hannunka na kan sitiyari, ba ruwanka da waya. Inda zaren ya kwanta ya miƙe baya, iska na bin jiki lafiya. Inda yake rawa ko ya juyo gaba, nan take ɓallewa. Injiniyoyi ma suna yin wannan gwajin. Yi shi da fiffike, ka sake yi ba fiffike, ka kalli bidiyon biyu.

Kuma ka sa ranka a inda ya dace. A babban titi, rage turin iska da kashi 10 yakan ba ka ragin mai na wajen kashi 5. Motar da ke shan lita 7 a kilomita 100 za ta sha lita 32 a zuwa Kaduna da dawowa Kano. Kashi 5 na wannan bai kai lita 2 ba. Ga mai bin hanyar kowane mako kuɗi ne a ƙarshen shekara, amma ya nuna maka cewa duk mai yi maka alƙawarin rage rabin shan mai da roba da gam, ƙarya yake yi.

In kana son fiffikenka don yana burge ka, motarka ce, kuɗinka ne, ba mai hana ka ado. Ka dai kira shi ado, ka daina gaya wa ƙannenka cewa tattalin mai ne. In kuwa aljihunka kake ji, to Asabar ɗin nan ɗauki sifana mai lamba 10 da 13, ka sauke kariyar, ka leƙa ƙarƙashin inji, ka auna tayoyi, ka cika tanki ka rubuta lamba.

Ka tura wa abokin nan naka mai jar Civic. Ka san wanda nake nufi.